Gawayin Yini Ɗaya

Kai, ajiye dutsen gugar nan, ba haka ake riƙe shi ba! Ka ɗauke shi kamar za ka jefi kare. Ku ne kuke cewa za ku buɗe shagon wanki da guga, wai ai ruwa ne da sabulu, ko? To ku gyara zama a kan bencin nan. Ni Haruna mai guga, tun gemu bai fito mini ba nake cikin sana'ar nan a Birnin Kudu, kuma ruwa da sabulu ba su taɓa kayar da ni ba. Abin da ya kayar da ni warwas a ƙasa, ko kwana za ku yi kuna canka ba za ku gano shi ba. Tambaya ce ta kayar da ni.

Babbar rigar da aka fara yarda na taɓa, wata farar shadda ce mai aska takwas, ta wani mai sayen gyaɗa. Maigidana Malam Garba, Allah ya jiƙansa, shi ya sa na wanke ta a kogi, na sa mata bula kaɗan, shuɗin nan mai fito da farin kaya, na tsoma ta a sitatin rogo da muka dama da kanmu, na shanya ta a kan falalen dutse. Kun san duwatsun garin nan, kafin ka juya baya kaya sun bushe ƙayau. Sannan muka ninke ta a kan gungume, muka ɗauki gudumar itace muna bugu, ya sauke in sauke, har ta ɗauki ƙyalli. Wurin aikin zare kuwa ba a ɗora masa dutse kai tsaye, sai an shimfiɗa ƙyalle. Dutsen gugarmu na gawayi ne, mai zakara a hanci, irin wannan da ka ɗauka yanzu. Malam Garba ba ya zuba masa kowane irin gawayi sai na ƙirya, wanda ake kawowa daga wajen Fagam, don ba ya tartsatsi, ba ya zubar da toka a kan farin kaya. Kuma kowace riga kafin ta taɓa ruwa sai an ɗinka mata ɗan zare ta ciki, kowane gida da irin ƙullinsa, don kada a kai wa wani wandon wani. Na yi shekaru a hannunsa ban taɓa jin kaina ya yi nauyi ba. Sai da na buɗe nawa shagon na gane dalili. Ashe shi yake yin tunanin komai, ni hannu kawai nake kawowa.

Sai aka ba mu jiha! Kai, ba ku ga garin nan a lokacin ba. Aka kwaso ma'aikata daga Kano aka ce kowa ya koma jiharsa, Dutse kuwa, babban birnin sabuwar jihar, ba ta da ɗakunan da za su ɗauke su. Da yawa nan suka kama haya, su tafi aiki da safe su dawo da yamma, iyalinsu suna can Kano. Magidanta ne fa da ba su taɓa wanke ko hularsu ba! Kaftani, safari, babbar rigar Juma'a, zanen gado, duk a kaina. Motar Gwaram ma ta fara sauke mini ƙullin kayan malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Na aika Dingaya aka kira mini Ɗanladi, abokina ne tun muna samari, na ƙara da wasu magidanta biyu masu zuwa kogi. Murna kamar in taka rawa. Har ƙofar shago igiya na ɗaura, mai wucewa sai ya sunkuya.

To nan fa aka fara. Kafin in ajiye buta da asuba, an tare ni.

"Haruna, wannan a sa mata sitati?"

"Haruna, na wa za a fara, na mutanen Gwaram ko na sakataren ƙaramar hukuma?"

"Wannan bugu ne ko guga? Wannan tana zuba, a ware ta? Gawayi ya kusa ƙarewa, a jira na Fagam ko a sayo na bakin kasuwa?"

Ga mai kaya a tsaye yana cewa, "Malam Haruna, gobe zan samu?" Ka ce e, ka ɗora wa kanka. Ka ce a'a, ya ɓata rai. Kowace tambaya ƙarama ce, wallahi ko yaron goye zai amsa ta. Amma ku dubi dutsen nan. Da safe in an cika shi yana jan wuta, riga ɗaya ba ta rage masa komai, amma kowace riga tana ɗaukar nata zafin, har ya zo yana lasar kaya ba ya gyara su. Haka kan mutum yake da yanke shawara. Kafin la'asar, in ka ce mini ruwa zan sha ko kunu, sai in tsaya ina kallon ka kamar ka yi mini Larabci.

Wadda ta fi shan wahalar abin ita ce maiɗakina, Rabi. In na leƙa gida ta ce, "Malam, me za a dafa?" sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ka. In ce, "Ko mene ne!" in fice. Ta dafa ko mene nen, ta aiko, ya yini a rufe a ƙarƙashin tebur har ya yi sanyi, don ban yanke shawarar lokacin da zan tsaya in ci ba. Goro da shayi, su ne abincina. Wanka ma sai na yi muhawara da kaina. Mai wanke wa gari kaya, ga shi yana yawo da riga mai tsamin zufa.

Aikin ƙaramar Sallah na wata shekara ne ya gama da ni. Bazara ce, zafi sama da ƙasa, ga dutse a hannu. Ina cikin gugar wani kaftani ruwan toka, Ɗanladi yana tambaya ta ko a kai kayan wani gida yanzu ko sai an jima, na buɗe baki in amsa, sai na ga tebur yana tasowa yana nufo fuskata. Ɗanladi ne ya sa ƙafa ya ture dutsen, da a ƙirjina zai sauka. A asibiti na farka. Malamin asibitin da ya duba ni, wani dattijo ne mai maganar tsiya, ya ce hawan jini ne, ga gyambon ciki ya fara. Ya ce magani kullum da safe, abinci a kan lokaci, hutu da rana. Ya ce, "In ka ga dama ka bi. In ba ka ga dama ba, akwai masu wanki da yawa a garin nan, har da masu wanke gawa."

Washegari sai ga Yaya Sani daga Kano. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, yana da shagon yadi a can. Mutum ne da ba a mayar masa da magana. Ya tsaya a bakin gado ya ce, "Bayan Babbar Sallah zan dawo da mota. A gabana za a sake auna ka. In jinin nan bai sauka ba, zan kwashe ka, kai da iyalinka da komatsanka, ka je ka zauna mini a shago kana kore ƙuda. Wankin ya ƙare." Na ce, "To, Yaya." Me zan ce? Amma tsoro ya kama ni ƙwarai. Shagon nan da hannuna na kafa shi, kuma ba abin da na iya a duniya sai wannan aikin.

Na koma aiki da niyya mai ƙarfi. Niyya! Kullum da asuba sai in rantse yau zan sha magani, yau zan ci abinci, yau zan kwanta da rana. Kafin hantsi an yi mini tambaya ta cinye rantsuwar. Magani yana aljihun rigar jiya. Lokacin hutu ya yi, in ce bari in ƙarasa wannan rigar, daga ita sai wata. Na koma awo, dattijon nan ya kalli abin awonsa ya kalle ni ya ce, "Ka fara haɗa kayanka na Kano."

Ran nan na dawo gida na zauna a tsakar gida jigum. Rabi tana tsintar wake, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, in tambaye ka mana. Yaya ake yi riga take sanin mai ita?"

Na ce, "Wace irin magana ce wannan? Zare ne a jikinta."

"Ana zuwa a tambaye ka ta wace ce?"

"Wa zai tambaye ni, ga zare?"

Ta ce, "To rigar da ta san mai ita, me zai hana ta san sitatinta?"

Allahu Akbar! Na miƙe tsaye, har na yi fatali da faifan wakenta. Shekara da shekaru abin nan yana hannuna ban gan shi ba! Ko takalmi ban tsaya nema ba na nufi shago. Muka zauna da Ɗanladi da allura, kowace riga muka ƙara mata zare na biyu kusa da na mai ita. Fari, a sa sitati sosai. Baƙi, kada ta ga sitati. Ja kuwa ta bugu ce, a kai ta gungume. Mai zuba muka yi mata ƙulli biyu. Mai kaya in ya zo, sau ɗaya za a tambaye shi yadda yake so, a ɗinka, an gama har rigar ta tsufa. Akwai wani hedimasta a Gwaram da kowane mako yake aiko sabon saƙo, yau a sa sitati, gobe an cika masa sitati. Na aika masa cewa in yana son canji ya zo da kansa mu warware zaren a gabansa. Bai taɓa zuwa ba, bai kuma sake ƙorafi ba.

Na wa za a fara kuwa, muka bar wa igiya. Wanda ya fara kawowa ƙullinsa yana farkon igiya, na baya yana baya, ko kai wane ne. Ranar karɓa ma muka tsayar, kayan Gwaram ranarsu daban, na cikin gari ranarsu daban. Kun san abin da ya faru? Wata safiya na yi guga tun daga fitowar rana har hantsi ya ɗaga, ba wanda ya kira sunana. Na ɗauka fushi suke yi da ni! Na leƙa na ga Ɗanladi yana juya bakin riga, ya duba zare, ya jefa ta baho, yana 'yar waƙarsa. Daɗi ya kama ni har na yi dariya ni kaɗai.

Da muka ga abin ya ci, sai muka bi rayuwata kaf muna ɗinka mata zare. Rabi ta ce ba za ta sake tambaya ta abin da za a dafa ba. Muka zauna sau ɗaya muka raba, kowace rana da tuwonta da miyarta, ranar kasuwa dambu, Juma'a shinkafa da wake, yaji kuwa aka sallame shi saboda cikina. Kwanon abincina yana isowa shago da kiran sallar azahar, in an idar in ci, ba shawara. Na kai wa tela yadi ruwan ƙasa na ce ya yi mini kaftani iri ɗaya har guda huɗu, in na tashi in ɗauki na sama. 'Yan tasha suka sa ni gaba, wai mai wanki da riga ɗaya. Na ce ku yi ta yi, ni dai ban tsaya gaban akwati ina tunani ba.

Magani ne ya so ya gagara, don duk inda aka ajiye shi sai na manta. Rabi ta ce, "Mene ne abin da ba ka taɓa mantawa ka buɗe da safe ba?" Na ce dutsen guga. Shi ke nan! In an tashi aiki an zubar da toka dutse ya huce, sai a sa ƙwayar gobe a 'yar takarda a rufe a cikinsa. Da safe in ɗaga zakaran nan zan zuba gawayi, ga magani yana kallo na. Ba yadda za a yi wuta ta shiga sai ya fita. Sau ɗaya Ɗanladi ya riga ni zuwa, ya yi mini gwaninta ya zuba garwashi, muka yini muna shaƙar hayaƙin maganin hawan jini. Tun ran nan ba mai taɓa mini dutse.

Saura hutu, shi ne babba. Don duk tsarin nan, in rana ta yi aka ce in kwanta, sai in ga riga ɗaya ta rage. Na faɗa wa dattijon asibiti, ya ce, "Kai ne kake tambayar kanka ko za ka huta? Mutumin da ya gaji in ka ba shi zaɓi, kullum riga ɗaya zai ƙara. Ka nemi wanda zai tsayar da kai, wanda ba ya jin magiya." Na yi ta tunanin wane ne wannan. Rabi tana jin magiya, Ɗanladi yana jin kunyata. Ina cikin kaɗe toka sai abin ya faɗo mini. Gawayi! Gawayi ba ya jin magiya.

Na hau motar Gwaram na je Fagam da kaina wurin mai gawayina. Na ce daga yau kada ya sake aiko mini da buhu. Muka auna abin da zai kai ni daga safe zuwa bayan azahar, ya ƙulla a ɗan tsohon buhun gishiri. Na ce kullum irin wannan ɗaya zai ba direban motar farko, ko na aiko ina kuka kada ya ƙara. Direban yana zuwa daidai shago zai yi oda ya jefo shi ta taga. In ya ƙare, aiki ya ƙare, in shimfiɗa tabarma a bayan tebur. In rana ta yi sanyi in taka zuwa bakin kogi in dawo, hannu a baya kamar wani mai unguwa. Abin da ban sani ba, Rabi ta bi masu gawayin bakin kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ta ce musu duk wanda ya sayar mini, in na faɗi alhakina yana wuyansa.

Jajiberin Babbar Sallah, ran nan aka gwada mu. Gawayi ya ƙare, na zubar da toka, na shimfiɗa tabarma, sai ga mota ta tsaya. Alhaji Mudi ne mai motocin haya, wanda kayan gidansa kaɗai suna cika baho uku. Ya fito da sabuwar shadda ruwan sararin sama, yanzu aka karɓo ta daga tela a Kano.

"Malam Haruna, ita zan sa gobe a idi. Ka ɗan bi mini ita yanzu."

Na ce, "Alhaji, gawayi ya ƙare." Na buɗe masa dutse ya gani.

"Gawayi? Garin nan kaf a rasa gawayi? Ni kake gaya wa haka?"

Kada ku ɗauka wani jarumi ne ni. Da akwai ko gutsure ɗaya a shagon nan, wallahi da na hura shi. Har na zura takalmi na ruga bakin kasuwa. Mai gawayin farko ya ce ya ƙare, ga buhunan gawayi a bayansa jibge. Na biyu ya ce, "Malam Haruna, ka rufa mini asiri, ina da 'ya'ya." Na dawo hannu sake. Alhaji ya ce zai aika a kawo na gidansa, na ce na girki ne, yana tartsatsi, in ya huda masa sabuwar shadda fa? Ya tsaya yana huci. Ya ce a fito masa da duk kayansa, wankakku da marasa wanki. Aka fito da su, ya zuba a mota, ya ja ta da ƙarfi. Bai sake kawo mini ko hankici ba har ya bar duniya. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Na zauna a kan tabarma raina a ɓace, ina cewa yau ba barci. Ban san lokacin da ya ɗauke ni ba, sai kiran la'asar na ji. Tun da na fara sana'a ban taɓa yin barci ranar jajiberi ba sai ran nan.

Ana gama cin naman Sallah sai ga Yaya Sani, kamar yadda ya faɗa. Da gaske akori-kura ya ɗauko haya, har da igiyoyin ɗaure kaya. Ya ce direba ya jira a ƙofar asibiti, don daga nan gida za mu wuce a fara lodi. Muka shiga. Dattijon nan ya naɗa mini abin awo a dantse yana matsawa. Ya duba. Ya saki iska ya sake matsawa, ya sake dubawa. Ya cire tabarau ya ce, "Kai, wa ya ba ka aron jini? Ya sauka. Ka ci gaba da duk abin da kake yi."

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har masu jira a waje suka leƙo. Yaya kuwa yana share zufa da bakin rigarsa, yana haki kamar shi ya turo motar daga Kano. Dattijon ya ƙura masa ido ya ce, "Alhaji, miƙo naka hannun."

"Ni? Ni lafiyata ƙalau. Rakiya na yi."

"Miƙo dai."

Ya miƙa yana tsaki. Aka matsa, aka duba. Aka koma ɗaya hannun. Dattijon ya ajiye abin awo a hankali, wannan karon ba wasa a muryarsa, ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da ka ci abinci a zaune? Kai ne ba za ka hau mota yau ba."

Haka akori-kurar nan ta koma Kano ba kaya, da igiyoyinta a naɗe. Yaya ya yi kwanaki a gadon asibiti, sannan aka ce ya ƙara hutawa kafin ya yi tafiya, ya dawo gidana. Zaman gida ya ishe shi, ya biyo ni shago ya zauna a kan wannan bencin da kuke kai, yana kallo ana aiki ba mai tambayar kowa. Aka yi azahar, kwano ya iso, muka ci tare. Can dutse ya huce, na zubar da toka, na shimfiɗa tabarma biyu. Ya dube ni, ya dubi tulin kayan da ba a goge ba.

"Haruna, to yanzu me ake yi?"

Na ce, "Ba a yin komai, Yaya. Kwanciya ake yi."

Mutumin da tun ina yaro shi yake faɗa ina bi, sai ya cire hularsa, ya ajiye ta a gefe, ya kwanta.